Jirgin Ƙasa, Bas ko Hayar Mota: Hukuncin Fita Yawon Buɗe Ido a Skagway

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Amurka, kuma a watan Yuni za mu shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido zuwa Alaska, ni da iyalina da mahaifiyata wadda ta manyanta. Jirgin zai tsaya wuni ɗaya a garin Skagway, inda masu zuwa kallon duwatsu suke zaɓar jirgin ƙasa, ko bas, ko su ɗauki hayar mota su tuƙa da kansu. Wanne ya fi dacewa a shari'a, musamman ta fuskar salla?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya kafin ka biya kuɗi. Asalin tafiya domin hutawa da kallon halittar Allah halal ne, domin a aya ta 20 ta Suratul Ankabut an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fari halitta. Sharaɗin shi ne ka nisanta kanka da iyalinka daga wuraren giya da caca da irin waɗannan jiragen suke ɗauke da su. Ababen hawan nan uku kuwa duk halal ne a kan kansu. Abin da yake fifita ɗaya a kan ɗaya shi ne yadda zai bar ka ka yi sallar farilla a lokacinta, a tsaye, kana fuskantar alƙibla.

Dalili shi ne abin da Bukhari ya ruwaito daga Jabir, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan yi nafila a kan abin hawansa duk inda ya dosa, amma idan zai yi farilla sai ya sauka ya fuskanci alƙibla. Sassaucin da ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini, na yin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, na mai uzuri ne, kuma ba na ganin wanda ya sayi tikitin kallo da zaɓinsa, alhali ya san zai ci masa lokacin salla gaba ɗaya, yana da uzurin da mara lafiya yake da shi.

Jirgin ƙasan da yake tashi daga Skagway, mai suna White Pass and Yukon Route, an shimfiɗa layinsa tsakanin 1898 da 1900, lokacin da mutane suka yi tururuwa neman zinariya a yankin Klondike na Kanada, kuma yana hawa sama da mita 870 a cikin tafiyar kilomita 32 kacal. Layi ne mai yawan kwana, taragunsa ƙanana ne, saboda haka tsayuwa da riƙe alƙibla a cikinsa abu ne mai wuya. Sai dai gajeriyar fitar da take kaiwa ƙololuwar dutsen ta dawo ba ta cika wuce awa uku ba, fasinjoji ba sa sauka, kuma a Skagway rana ba ta gushewa daga tsakiya a watan Yuni sai wajen ƙarfe ɗaya, la'asar kuma sai bayan ƙarfe biyar. Wanda ya hau jirgin safe zai dawo kafin azahar ta shiga. Wanda ya hau na rana ma, ko dai ya yi azahar kafin tashi idan lokacinta ya yi, ko ya same ta bayan dawowa.

Bas ɗin da yake bin hanyar Klondike yana tsayawa a wuraren ɗaukar hoto, amma tsayuwar tana hannun direba da jadawalin kamfani. Idan doguwar fita ce zuwa Carcross a yankin Yukon na Kanada, wadda take cin mafi yawan wuni, ka fita da alwala da abin shimfiɗa, ka tambayi lokacin tsayuwar cin abinci tun kafin ka biya. A irin wannan akwai sauƙin haɗa azahar da la'asar. Malikawa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Khalil, sun yi rangwamen haɗa salloli ga matafiyin tudu ko da tafiyar gajeriya ce, ba su ba matafiyin teku wannan rangwamen ba, tun da shi yana iya yin kowace salla a kan kari a cikin jirgi. Shafi'awa da Hambalawa ba su bambanta tudu da teku ba. Ƙasaru kuwa kana da shi tun da ka bar gari, matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Malikawa sun karhanta shi ga mai tafiyar wasa tsantsa, amma fita da iyali da faranta wa uwa rai ba na lissafa su cikin wannan.

Hayar mota ta fi kowanne ba ka ikon tsayawa salla inda ka ga dama, amma ta fi kowanne ɗora maka nauyi. Motar amana ce a hannunka, kuma sharuɗɗan da ka sa wa hannu sun zama wajibi a kanka saboda hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu: kada wanda ba a rubuta sunansa ba ya tuƙa, kada ka tsallaka da ita Kanada sai yarjejeniyar ta yarda. Inshorar kasuwanci, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa ba ta halatta saboda gararin da yake cikinta, wato rashin tabbas a ciniki, amma abin da doka ta tilasta, ko wanda ba za a ba ka motar ba sai da shi, babu laifi a kanka. Sannan hanyar ta dutse ce, hazo yakan rufe ta ko da rani, akwai jami'an iyaka da za su nemi fasfo da izinin shiga na kowane mutum a motar, kuma agogon ɓangaren Kanada yana gaba da na Alaska da awa ɗaya a wannan lokacin, abin da yake iya rikita maka lissafin salla da na komawa. Jirgin ruwa bisa al'ada yana jiran fitar da aka saya ta hannunsa, ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Jefa tsohuwa da yara cikin haɗarin a bar su a tasha cutarwa ce, kuma shari'a ta hana cutarwa.

Saboda haka abin da nake ba ka fatawa da shi, duba da mahaifiyarka, shi ne ku hau jirgin ƙasan safe mai gajeriyar fita, ku dawo ku yi azahar a natse. Idan ba ku sami gurbi ba, bas ɗin rabin wuni ne yake biye masa. Hayar mota ta halatta gare ka idan ka saba tuƙi a irin wannan hanya, takardun kowa sun cika, kuma ka ƙudurta dawowa da sauran lokaci mai yalwa kafin jirgin ya tashi.

Wallahu a'alam.