Tambaya da Amsa: Ya za a ce mutum ya ci zaɓe alhali bai kai rabin ƙuri'u ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kamba, kullum muna tare da 'yan uwanmu na Gaya ta Nijar, to gardama ce ta ƙi ƙarewa a rumfa, suna ce mana wai zaɓenmu bai nuna ba tunda shugabanmu bai samu rabin ƙuri'u ba, su a wajensu sai an je zagaye na biyu. Kuma zaɓen gwamnan da aka sake mana nan Kebbi a 2023 da aka ce inkonkulusib, shi ne zagaye na biyun namu? Daga mai karatu a Kamba, ƙaramar hukumar Dandi.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Abokanka sun faɗi gaskiyar tsarinsu, amma ba shi ne namu ba. A Nijar kafin juyin mulkin 2023 sai ɗan takara ya haura rabi, shi ya sa Bazoum duk da shi ne kan gaba a Disambar 2020 da kusan kashi 39, sai da suka sake karawa da Mahamane Ousmane a Fabrairun 2021.

Mu nan kundin tsarin mulkin 1999 sashe na 134 bai ce rabi ba, abu biyu ya nema: ka fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ka samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jiha 24. Tinubu a 2023 ƙuri'a miliyan 8.79 ya samu, bai kai kashi 37 ba, amma ya cika duka biyun. Da aka je kotu kan cewa bai samu kashi 25 a Abuja ba, kotun ƙoli ta ce Abuja ba ta fi sauran jihohi daraja ba. In an rasa wanda ya cika sharuɗɗan nan ne ake zuwa zagaye na biyu, kuma har yau ba a taɓa yin sa a zaɓen shugaban ƙasa ba.

Gwamna ma haka, sashe na 179. Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare mu, ka ga biyu bisa ukunsu 14 kenan cif, Zamfara kuwa 14 ne, lissafin sai ya faɗo tara da ɗoriya, mai hankali goma zai nema don irin ɗoriyar nan ta taɓa girgiza ƙasa. A 1979 jihohi 19 ne, Shagari ya samu kwatan, wato kashi 25 ɗin, a 12, a Kano ya tsaya ɗan ƙasa da kashi 20, Awolowo ya ce sai 13, kotun ƙoli ta ce sha biyu da biyu bisa uku ake nufi, Shagari ya hau. Sanata da ɗan majalisa su babu wannan, ko da ƙuri'a ɗaya ka fi ka ci.

Ni wallahi sharaɗin kwatan nan ina ganin ƙimarsa ƙwarai, saboda shi ke hana mutum ya tara ƙuri'un Birnin Kebbi da Gwandu ya ce ya gama, dole ya taka ya je Zuru da Yauri da Argungu ya roƙi mutane. Inda nake jin zafi dai shi ne mutum zai iya hawa alhali waɗanda ba su zaɓe shi ba sun fi yawa, a nan kam 'yan Gaya suna da abin faɗa.

Shi inkonkulusib kuma ba zagaye na biyu ba ne. In aka soke zaɓe a wasu rumfuna saboda rikici ko ƙuri'u sun fi adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, sai INEC ta duba tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, in masu katin zaɓe na rumfunan da aka soke sun fi tazarar yawa ba za a bayyana kowa ba. Abin da ya faru a Maris 2023 kenan tsakanin Nasir Idris Kauran Gwandu da Aminu Bande, ran 15 ga Afrilu aka koma waɗannan rumfunan kaɗai, aka haɗa da ƙuri'un farko, sannan aka bayyana Kaura.