Shafina ya ɗauke, an ce laifin kamfanin rajista ne

Tambaya: Ina sayar da atamfa, leshi da mayafai a Kaduna, kuma ciniki mai yawa ta shafina na intanet yake shigowa. Kwana huɗu ke nan shafin ba ya buɗewa, imel ɗin kasuwancin ma ya daina karɓar saƙo. Yaron da ya haɗa mini shafin ya ce matsalar daga kamfanin da aka yi rajistar sunan take, in ƙara haƙuri. Duk shekara ni nake ba shi kuɗi ya sabunta. Me zan yi yanzu, kuma yaya zan kare kaina nan gaba?

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, in kina da tallar da kika biya a Facebook ko Instagram mai tura mutane zuwa shafin, ki dakatar da ita yau ko ki karkatar da ita zuwa lambarki ta WhatsApp. Ki kuma sanar da tsofaffin kwastomominki cewa kina nan, don kar su ɗauka kin rufe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne cewa ke ce mai ba da kuɗi, shi ne mai biya. Sunan shafi, wato domen, ba a sayensa a mallaka har abada. Haya ake yi, daga shekara 1 zuwa 10, kamar shago a kasuwa: wanda sunansa ke kan takarda shi hukuma ta sani, ko da daga aljihun wani kuɗin ke fita. In yaron nan da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar, to a idon kamfanin shi ne mai domen ɗin, kuma ko kin kira su ba za su saurare ki ba. Ban ce ya cuce ki ba. Yawancin masu haɗa shafi suna yin haka ne don sauƙin aiki. Amma mutum yakan yi tafiya, yakan canja waya, yakan manta kalmar sirri, kuma ana iya ɓatawa.

Ba sai kin jira bakinsa ba kafin ki san abin da ya faru. Ki shiga lookup.icann.org ki rubuta sunan shafinki. ICANN ita ce hukumar da ke ba kamfanonin rajista lasisi a kan sunaye irin su .com tun bayan kafa ta a 1998. In kuma sunan shafinki yana ƙarewa da .ng ko .com.ng, NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ce ke kula da shi, kuma tana da nata wurin dubawa. Za ki ga sunan kamfanin rajistar, ranar ƙarewar wa'adi, da halin da domen ɗin ke ciki. Sunan mai shi galibi a ɓoye yake, wannan sai yaron ya buɗe miki asusun kin gani da idonki.

In ranar ƙarewar ta wuce, ba a sabunta ba ne kawai, kuma wannan shi ne ya fi yawa. Wani lokacin kuɗin ne ba su isa inda aka aike su ba, wani lokacin kuma katin bankin da aka ɗora ne ya ƙi cirewa. Mutane da yawa a Najeriya sun gamu da haka a shekarun da bankuna suka hana katin naira biyan dala. A nan lokaci ne ya fi komai. Ga .com, kamfani na iya ba da rangwamen da bai wuce kwana 45 ba a sabunta a kan farashin da aka saba, wasu ma ba sa ba da duka. Daga nan sai kwana 30 na fansa, inda za ki ga an rubuta redemptionPeriod, kuma kuɗin fansar yakan ninka na sabuntawa sau da yawa. Bayan su sai kwana 5 da ba a iya taɓa komai, sannan a saki sunan ga duk wanda ya riga. Wasu kamfanonin ma gwanjonsa suke yi tun kafin a kai can. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su kama sunan da ya kuɓuce su sa masa kuɗi mai tsada, ko su buɗe shafin bogi su riƙa karɓar kuɗin kwastomominki da sunanki. Kwana huɗu bai yi nisa ba, don haka in matsalar ke nan a biya yau.

In wa'adin bai ƙare ba amma kika ga clientHold, kamfanin ne ya dakatar da sunan da hannunsa. Ƙa'idar ICANN ta ce in an yi sabuwar rajista ko an canja bayanan mai shi, a tura saƙon tabbatarwa, in ba a amsa ba cikin kwana 15 a dakatar. Saƙon yana zuwa ne imel ɗin da aka rubuta, wanda mai yiwuwa ba naki ba ne. Ƙorafin damfara ma yana jawo hakan, ko da wani ne ya yi kutse ya ɗora abin banza a shafinki. A watan Satumba na 2018 kamfanin rajista ya dakatar da zoho.com saboda ƙorafin cewa ana tura saƙonnin yaudara ta wurinsa, sai ga miliyoyin masu amfani da Zoho, kamfanin Indiya mai ma'aikata dubbai, sun rasa imel ɗinsu na sa'o'i. Saboda haka maganar yaron na iya zama gaskiya. Amma ki nemi ya nuna miki saƙon da ya tura wa kamfanin da lambar ƙorafin da suka ba shi. "Muna kan aiki" ba amsa ba ce ga mai asarar ciniki.

Akwai kuma inda kamfanin kansa ya durƙushe. RegisterFly ta Amurka ta ruguje a 2007, masu domen suka yi ta biya ba a sabunta musu, har ICANN ta soke lasisinta aka mayar da ɗaruruwan dubban sunaye hannun wani kamfanin rajista, GoDaddy. Haka ma ICANN ta soke lasisin kamfanin Net 4 India a 2021. A irin wannan yanayi, da bayanan da ke cikin rajista ake gane na wane ne wane. Wanda sunansa ba ya ciki ba shi da abin kamawa.

Shi ya sa da zarar shafin ya dawo, ki buɗe asusunki na kanki a kamfanin rajista, da sunanki ko sunan kasuwancin kamar yadda yake a takardar CAC, da lambar wayarki. Sai yaron ya tura domen ɗin cikin asusun. In kamfani ɗaya ne, aikin ba ya ɗaukar lokaci. In kina son barin kamfanin gaba ɗaya, ana neman lambar sirri ta canja kamfani, wadda ake kira EPP, kuma dole su bayar cikin kwana 5 da nema. Ki dai sani cewa canja sunan mai shi na iya kulle domen ɗin kwana 60 ba a matsar da shi, don haka ki tambayi wanne za a fara yi.

Ga wani wuri da mutane ke faɗawa: imel ɗin da za ki buɗe asusun da shi kar ya zama na domen ɗin kansa. Kin ga yadda naki ya ɗauke tare da shafin. Da da shi aka yi rajista, saƙon gargaɗi da na sauya kalmar sirri duk can za su tafi, ke kuma ba ki da hanyar karanta su. Ki yi amfani da Gmail ko makamancinsa wanda kike dubawa kullum, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kansa da kuma a asusun rajistar. Ki bar makullin hana canja kamfani a kunne, shi ne ake rubutawa clientTransferProhibited.

Ta fuskar kuɗi, a ganina biyan shekara ɗaya-ɗaya tattali ne mara amfani ga mai ciniki irin naki. Sabunta .com a yawancin kamfanoni tsakanin dala 10 zuwa 20 ne a shekara. Ki biya shekara 3 ko 5 lokaci guda, ki ajiye rasit da sunanki, ki sa ranar ƙarewar a kalandar wayarki. In biyan dala na ba ki wahala, akwai kamfanonin rajista na gida da ke karɓar naira, sai ki duba jerin waɗanda NiRA ta amince da su. Yaron kuma ya ci gaba da aikinsa na gyaran shafi, ba ya bukatar kalmar sirrin asusun rajista don yin haka. Ki kuma sa ya riƙa ba ki kwafin kayan shafin, hotuna da bayanan oda, kina ajiyewa a wurinki.

In ya ƙi miƙa domen ɗin, kar ki fara da faɗa, domin a yanzu komai na hannunsa. Ki tattara shaidar duk kuɗin da kika tura masa da hirarrakinku, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani, in ta kama ki biya shi ladan aikin canjin. Akwai hanyar shari'a ta ƙwato domen ta WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Geneva, amma kuɗin shigar da ƙara kaɗai dala 1,500 ne, kuma sai kin nuna kina da haƙƙin tambarin kasuwanci a kan sunan, sannan shi da mugun nufi ya yi rajistar. Rigimar mai shago da mai haɗa mata shafi ba kasafai take dacewa da wannan tsari ba. In sulhu ya gagara, wasiƙar lauya ce mataki na gaba, kuma tun kafin a kai can ki yi rajistar .com.ng ko .ng na wannan suna da sunanki, don ki samu inda za ki mayar da kwastomomi in lamarin ya ja.