Na haɗe siffofi biyu, layin ya cika da gaɓoɓi

Tambaya: Malam, ina yanka sitika da manhajar zane ta Inkscape. Na zana da'ira mai gaɓoɓi 4 (ɗigogin da ke riƙe da layin zane, wato nodes), na haɗe ta da rubutu ta hanyar Union, na yi mata Outset (faɗaɗa gefen siffa zuwa waje). Da na duba da Node tool sai na ga gaɓoɓi fal, injin yanka kuma yana ta tsaitsayawa. Me ke kawo haka?

Amsa: Malam, wasu gaɓoɓin ba makawa sai an samu. Duk inda layi biyu suka gitta juna, dole manhaja ta tsinka su a wurin ta dasa sabuwar gaɓa. Waɗannan ka ƙyale su.

Masu yawan daga Outset suka fito, kuma lissafi ne ya jawo. Lanƙwasar da waɗannan manhajoji ke aiki da ita ana kiranta Bézier, sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yaɗa ta a shekarun 1960. Kowane guntu yana da gaɓoɓi biyu da hannaye biyu masu juya shi. To, idan aka ce a zana wani layi da zai bi gefen wannan lanƙwasa da tazara ɗaya tun daga farko har ƙarshe, galibi guntu ɗaya ba zai iya fitar da shi daidai ba. Sai manhaja ta yi ta jera ƙananan guntaye don ta kusanci siffar, kowane guntu da gaɓarsa. Stroke to Path, mai mayar da kaurin layi siffa, ma haka yake yi, haka Contour a manhajar CorelDRAW.

Akwai na uku, wanda ya fi ɓata aiki: gefuna biyu da suka kusa hawa kan juna amma ba su daidaita ba. Ƙara girman wurin sosai, za ka ga gaɓoɓi cunkushe da 'yan tsirarun kusurwoyi, nan ne wuƙar injin ke tsayawa tana juyi har ta yage sitikar. Kunna snapping, wanda ke sa gefuna su manne daidai kan juna, kafin ka haɗe siffofi, ko ka sa su shiga juna sosai.

Gyara kuwa, fara kwafe aikin da Ctrl+D. Simplify, wato Ctrl+L, yana rage gaɓoɓi, amma ni ba na sakar masa rubutu ko tambari, don yana dakushe kusurwoyi masu kaifi, kuma in ka danna shi da sauri a jere ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Gara ka zaɓi gaɓoɓin da suka cunkushe ka danna Delete. Inkscape zai yi ƙoƙarin riƙe siffar, sai ka ɗan gyara hannayen. Bar gaɓa a kowace kusurwa, da inda lanƙwasa ta kai ƙarshen sama, ƙasa, dama ko hagu. Masu CorelDRAW su danna F10 don buɗe Shape tool, su zaɓi gaɓoɓin, su yi amfani da Reduce Nodes kaɗan-kaɗan suna kallon layin.