Tambaya da Amsa: Ko Uwa Za Ta Iya Sayar da Gidan Ɗanta?

Tambaya: Maigidana ya rasu, ɗanmu mai shekara 9 ya gaji gida da kuɗi a banki. Shin ina da ikon sayar da gidan domin in biya masa kuɗin makaranta?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki. Da farko ki sani cewa gidan mallakin yaron ne, kuma duk wanda ke kula da shi, uwa ce ko waliyyi, riƙon amana yake yi har yaron ya mallaki hankalin kansa, wanda dokokin ƙasashe da dama suka ajiye a shekara 18. Renon yaro daban, ikon juya dukiyarsa daban, don haka ki fara tabbatar da wanda doka ta ɗora wa wannan nauyi.

Ana iya taɓa kuɗin don karatunsa ko maganinsa, amma sayar da gida babban lamari ne, kuma a ƙasashe da yawa sai da izinin kotu, bayan alƙali ya gamsu cewa maslahar yaron ce. A ganina, ki ba da gidan haya, domin kuɗin haya zai biya makaranta, gidan kuma yana nan.

Ki buɗe asusu da sunansa, kada ki cuɗanya kuɗinsa da naki, ki kuma tanadi littafi guda inda za ki riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, kina maƙala kowane rasit a shafinsa. Ranar miƙa masa dukiyarsa, ki kafa shaidu.