Ku Tambayi Magini: Zan iya ɗaura silin ɗin jifsam da kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni malamin makaranta ne a Rijiyar Zaki a Kano, na lallaɓa na gina ɗaki har an yi rufin kwano, sai maganar silin ta tsaya min, kuɗin da masu POP suka yanka min ya fi ƙarfina gaskiya. Na ga ana sayar da allon jifsam, shi ne nake tunanin ko in saya in ɗaura da kaina tunda ina ɗan taɓa kafinta. Ɗakin ƙafa 12 ne a 12. Zai yiwu kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a shiga a sa'a. Zai yiwu mana, amma fa ba kai kaɗai ba. Allo ɗaya ƙafa 4 ne a 8, mai kaurin milimita 12 ɗin nan ya haura kilo 20, ba za ka riƙe shi a saman kanka kana ɗaure sukuru ba, karyewa zai yi ko wuyanka ya amsa. Nemi ƙanenka ko maƙwabci, sannan ka haɗa katako biyu ka yi matokari ya tallafe ɗaya ɓangaren. Ɗakinka allo huɗu da rabi zai ci, ka sayi shida saboda yanka da ɓarna, idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka dudduba gefen allunan da kyau don wajen lodi suke gutsirewa.

To amma ni abin da ya fi damuna ba allon ba ne, abin da ke samansa ne. Jifsam ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ramin ƙusa ɗaya a kwano ya isa, ruwan Agusta zai dinga ɗiga a hankali kai ba ka sani ba, sai dai wata rana ka ga tabo ruwan ƙasa-ƙasa ya fito, daga nan wajen ya kumbura ya yo ciki. Don haka kafin ka sayi komai shiga ɗakin da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga ka ɗaga kai, duk inda ka ga haske na shigowa ta kwano a toshe, in ma da hali ka bari a yi ruwa mai ƙarfi ko sau ɗaya ne ka gani da idonka.

Sai katakon da zai riƙe shi. Don Allah kar ka sayi ɗanye saboda arha, zafin Afrilu na garin nan da ke haura digiri 40 zai busar da shi a sama ya murɗe, haɗin allunan ya tsage. Busasshe za ka nema ka shafe shi da maganin gara, ko ka yi da ƙarfen silin in aljihu ya yarda. Tsakanin katako da katako kar ya wuce inci 16. Layin da silin ɗin zai bi kuma da siririn tiyo mai ruwa za ka fitar da shi a bango kusurwa huɗu, kar ka auna daga daɓe, yawancin daɓenmu ba a miƙe yake ba.

Ɗaurin kansa ba wuya. Sukuru ba ƙusa ba, duk bayan inci 8 zuwa 10, kan sukurun ya ɗan nutse amma kar ya fasa takardar allon, in ya fasa ba ya riƙe komai sai ka ƙara wani kusa da shi. Kar ka jera bakin allunan a layi ɗaya, ka saɓa su yadda magini ke saɓa bulo. A haɗin ka manna tef ɗinsa ka shafe shi da kwaɓin cike haɗi sau biyu ko uku kana bari yana bushewa, ka bi da sanfefa, sannan fenti.

Mai wayarin ya gama nasa kafin ka rufe, kuma ka bar 'yar ƙofa ta shiga sama. Fanka kuwa Malam ina roƙonka kar ka rataya ta a jikin allo ko waɗannan ƙananan katakan, a ɗaure ƙugiyarta a babban katakon rufi tun yanzu, ka huda allon daidai wajen ta sauko, yara ne za su dinga kwana a ƙarƙashinta.