Kar ka kai lofen Baba wurin kafinta, ni na kai nawa

Salamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka sau uku kafin na iya rubuta komai, don abin da kake shirin yi shi na yi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ka ce kun sami lofen marigayi mahaifinku a cikin adaka, bakinsa ya koma kore-kore, akwai shaidar haƙori, kana so a canza bakin, a faɗaɗa ramin don ya ɗauki filta, a goge shi ya yi ƙyalli. Allah Ya jiƙan Baba. Amma don Allah dakata tukuna.

Nawa na kakana ne. Sojan Gold Coast ne, wato Ghana ta yanzu, yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, kuma da lofen ya dawo Kumasi, ya ce wani Bature hafsa ne ya ba shi. Ƙirar kamfanin Peterson ne, na Dublin a ƙasar Ayalan, mai zoben azurfa a wuya. Ina yaro a Aboabo nakan gan shi bayan la'asar a kan buzu, yana danna taba da babban yatsa, yatsan ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Gefe ɗaya na bakin ƙoƙon da ake zuba taba ya ƙone kaɗan, don kullum ta nan yake kawo ashana.

Da ya zo hannuna sai na ga ya yi duhu, ya dushe. Wani abokina da muke shan ataya tare ya ce ya san kafinta mai hannu. Na kai masa. Wallahi da bakina na ce masa gogewa kawai nake so, kar ya taɓa rubutun da ke jiki. Ya ce, "Alhaji, ka bar mini, sai ka kasa gane shi." Ashe gaskiya ya faɗa. Sati biyu yana mini yawo da hankali, yau ya tafi jana'iza, gobe an ɗauke wuta. Ran da na karɓa, ya miƙo mini shi a leda yana murmushi. Ya bi shi da samfefa tas, sunan kamfanin ya tafi, ƙunar nan ta kakana ta tafi, ya shafe shi da man ƙyallin da ake sa wa kujera. Bakin kuma ya liƙe shi da gam, wai yana girgiɗi. Zoben azurfa fa? Ya ce ya tsage ne a hannunsa ya yar, ya sa mini na gwangwani. Azurfa ce ake yarwa a Kumasi? Na tsaya a ƙofar shagon nan jikina na rawa, yaransa suna kallona, shi kuma yana tambayar cikon kuɗinsa. Kuma na biya, abin da ya fi ci mini rai ke nan, na biya shi. Sai daga baya na san cewa a jikin zoben nan akwai ƙananan hatimai na Ayalan, har da harafin da ke nuna shekarar da aka buga azurfar. Da shi kaɗai zan san shekarun lofen. Yanzu babu mai iya gaya mini. Da na kunna shi sau ɗaya, man ya yi ƙuraje ya fara wari. Yayata ta gani ta ce wannan ba na Kaka ba ne, ta juya kai. Har yau in na bi ta layin mutumin nan a trotro, motar hayarmu, ɗaya gefen nake kallo.

To kai ka ce akwai ɗan farin ɗigo a saman bakin naka. In haka ne, wataƙila ƙirar kamfanin Dunhill ne na Landan, don alamarsu ke nan, kuma suna buga lambobi a wuyan icen da masana ke gane shekarar ƙira da su. Ka ga in ka yar da bakin, ka yar da ɗigon. Koren da ya dame ka ba lalacewa ba ce. Baƙar roba ce mai tauri da aka dafa da farar wuta, rana da yawu da zafi su ke fito da wannan launi. Yana fita. Samfefa mafi laushi da ruwa, a hankali, a bakin kaɗai, ka kauce wa farin ɗigon, sannan ɗigon man zaitun ka murza da tsumma. Kar ka tsoma shi a ruwan zafi, ƙara korewa zai yi.

Maganar filta kuwa ka manta da ita. Ramin filta mai milimita 9 faɗi gare shi, in aka huda tsohon wuya sai ya yi siriri ya tsage, kuma icen da aka cire ba ya komawa. In filta kake so, sayi sabon lofe mai araha da aka ƙera don haka. Ni ma dai na bar taba shekara shida ke nan, likita ya tsorata ni da hawan jini, kuma kar wani ya ruɗe ka cewa lofe ba ya cutarwa kamar sigari. Wannan tsakaninka da ƙirjinka ne, ba shi ka tambaya ba.

In shaidar haƙorin ta huda bakin har ba ya shayuwa, sai a yi maka wani daban, na asalin ka naɗe a ƙyalle ka ajiye. Amma ni da zan sami haƙorin kakana a jikin nawa, ko nawa ne zan biya.

Cikin ƙoƙon, baƙin da ya taru ka rage shi kaɗan-kaɗan, ba da wuƙa mai tsini ba, ka bar kamar kaurin kwabo, shi ke kare icen daga wuta. In yana warin adaka, cika shi da gishiri mai tsakuwa, ɗiga sifirit, ya kwana, ka zubar, ya bushe kwana biyu. Sifirit ɗin kar ya taɓa bayan icen, yana cin launi. Kuma kar ka zare bakin yana da zafi, nan ne ake karya su. Icen nan saiwa ce daga ƙasashen bakin Bahar Rum, ba icen odum ko icen wawa ba ne da kafintocinmu suka saba da su, shi ya sa ba su san darajarsa ba. Ko da yake nawa kafintan ba rashin sani ba ne, zoben ya gani.

Ka ɗauki hoton rubutun da ke wuyan, gefe biyu, a hasken rana, ka turo mu gani kafin ka taɓa komai. Kuma ka tambayi 'yan'uwanka mata, su ma ubansu ne.