Tambaya da Amsa: Na Sauya wa Sabar Suna, Ta Daina Gane Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani a Zariya, kuma mun yi hayar sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) mai aiki da tsarin Ubuntu ta intanet. Na sauya mata suna zuwa kofa1, sai ya zama duk lokacin da na yi amfani da sudo, umarnin yin aiki da ikon mai kula da na'ura, yakan ɗan yi jinkiri, sannan ya rubuto "unable to resolve host kofa1". Da na sake kunna ta saƙon ya ɓace, amma tsohon sunan ya dawo. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka, kuma tushensu ɗaya, wato sunan sabar ba a wuri guda yake zaune ba.

Sunan da na'urar ke kiran kanta da shi yana cikin fayil ɗin /etc/hostname, amma wanda ke haɗa wannan suna da adireshi shi ne /etc/hosts, kuma umarnin sauya suna, wato hostnamectl set-hostname, ba ya taɓa na biyun ko kaɗan. Saboda haka idan sudo ya nemi adireshin kofa1 bai same shi a gida ba, sai ya fita tambayar DNS, tsarin da ke nemo adireshin suna a intanet, ya jira amsa, ya dawo hannu rabbana. Wannan jiran ne jinkirin da kake gani. Ka buɗe /etc/hosts, za ka iske layin farko yana cewa 127.0.0.1 localhost, wanda bai kamata ka taɓa ba. A ƙarƙashinsa ka rubuta 127.0.1.1, ka bi shi da cikakken sunan da ke ɗauke da sunan kamfaninku na intanet (domain), sannan gajeren sunan kofa1. Jerin yana da muhimmanci, domin sunan da ya zo farko shi hostname -f zai nuna. Amfani da 127.0.1.1 al'adar Debian ce da Ubuntu ta gada, kuma idan sabar tana da adireshi tsayayye, ana iya sa shi a madadinsa.

Dawowar tsohon suna kuwa, galibi aikin cloud-init ne, manhajar da ke karɓo saituna daga kamfanin da ya ba ku hayar a lokacin kunnawa. A cikin /etc/cloud/cloud.cfg ka mayar da preserve_hostname zuwa true. Ka duba manage_etc_hosts ma, domin idan yana kunne, gyaran da ka yi wa /etc/hosts shi ma zai iya shafewa. A ganina da wannan ya kamata ka fara, in ba haka ba ka yi ta zuba ruwa a kwando.

Na lura ka rubuta kofa1 ba ƙofa1 ba, kuma ka yi daidai. Ƙa'idar intanet mai suna RFC 952 ta 1985, da gyaran RFC 1123 na 1989, sun yarda da haruffan a zuwa z da lambobi da karan tsakiya kawai, kuma kowane sashe na suna ba ya wuce haruffa 63. Haruffanmu masu lanƙwasa sai dai a sunan ado, wanda ake sawa da hostnamectl set-hostname --pretty.

Bayan ka gama, ka sake kunna sabar, ka rubuta getent hosts kofa1. Na fi son wannan gwajin a kan nslookup, domin nslookup DNS kaɗai yake tambaya, shi kuwa getent yana bin tsarin da ke cikin /etc/nsswitch.conf, hanyar da sudo ke bi.